Furen da Aka Bari Babu Launi

Duk wanda ya ga allon saukar Atu sai ya yaba zayyanar, amma ita kaɗai ta lura da furannin auduga uku a kusurwar ƙasa. Biyu rawaya ne kamar na safiya, na ukun kuwa zane ne kawai.

Ta sami Bube, mai zayyanar, a zauren mahaifinta yana ɗaure alƙalumansa. Ta tsaya bakin ƙofa, idonta a kan allon.

"Malam, tawada ta ƙare maka ne?"

"Ja tana nan, izini na rasa," ya ce. "Furen auduga sai ya wuni shika ja. Gobe nika komawa Kebbe. In wanga ya yi ja, kawuna zai zo Tambuwal gaishe da Baba. In kin bar shi haka, ba ni dawowa."

Atu ta ji kukan kurciya can bisa katanga. Sannan ta durƙusa, ta tsoma ɗan yatsanta a tawadar, ta ɗora kan furen. Jan ya ɗan tsallake zanen.

Da la'asar ta zauna tsintar wake kusa da innarta, yatsan nan naɗe cikin tafin hannunta.