Gwiwar Kakana

Kwana uku akwatin gawar kakana yana gaɓar tafki a garin Mbita, muna jiran iska ta lafa mu kai shi tsibiri, har ya fara wari. Shekara arba'in ba kwalekwalen da ke tashi sai an tambayi gwiwarsa. In tana ciwo, kowa ya zauna gida.

Matuƙi ya ce, "To, yanzu gwiwar wa za mu tambaya?"

Kakata ta dubi tsuntsayen ruwa, ta ɗaure ɗankwali.

"Ku ɗauko shi. Iska ta gama."

Matuƙi ya ce, "Haba Iya, ke me kika sani?"

"Ja igiyarka, ɗan nan. Wa kake tsammani ke gaya masa tana ciwo?"