Falon da Yake Amsa Sallama

"Ku ja kafet ɗin har jikin bango," in ji ɗana ga ma'aikatan.

Ni fa labari kawai na ba shi a waya, cewa falon nan yana maimaita maganata. Sai ga shi ya zo, bayan wata takwas rabona da shi.

"Amsa-kuwwa ce, Umma. Falon wayam yake, murya take dukan bango ta dawo. Labule da kafet za su shanye ta."

Kafin la'asar sun gama. Ya tafa hannu, shiru. Ya yi murmushi, ya duba agogo, ya shige mota.

Washegari na shiga falon da sallama kamar kullum.

Yanzu ko bangon ma ya daina amsa mini.