Kifin da Ya Daina Gudu

Tun da jiragen ruwa na yaƙi suka fara sakin ƙararsu a ƙarƙashin teku, Asabar kaɗai aka bar wa masunta. Ɗantani ya baza taru, ya shiga bugun gefen kwalekwale da filafili, yadda Sarkawa ke koro kifi tun kakanni. Kifayen na shawagi kusa da shi, ko gezau.

"Yaya, huta haka," in ji ƙanensa Buhari. "Sun kurumce. Sa hannu kawai ka ɗiba."

Ɗantani ya ɗago ɗaya, ya ga jini a gefen kan kifin. Ya mayar da shi ruwa a hankali.

"To me za mu kai wa yara?"

"Ɗebi naka, Buhari. Ni ban iya kama abin da bai gudu ba."