Jawabin Gada a Kaset

Ɗan majalisarmu ya dire rakoda a tsakiyar tabarma. "Kun ce ba na buɗe baki a Dutse. To, ku ji da kunnenku."

Muka matso. Tun da aka ba mu sabuwar jiha muka tura shi, har yau rafin bayan gari yana raba mu da asibiti. Bara a bakin rafin ƙanwata ta haihu, jaririn bai zo da rai ba.

Ya danna. Muryarsa ta fito tangaran: "Ya Shugaban Majalisa, ba zan zauna ba sai an yi wa mutanena gada!" Tafi ya ɓarke.

Ni dai ban saki jiki ba. Direbobin da ke zuwa Dutse sun sha gaya mana gyangyaɗi kawai yake yi a kujerar baya. Amma ga murya, ga tafi, dattawa har sun fara gyaɗa kai.

"Baba, ka ji ko?" ɗan majalisar ya ce da mai gari, ya miƙa hannu zai kashe.

Bai kai ba. Can ƙarƙashin tafin, kiran sallar la'asar ya taso siriri daga cikin kaset ɗin, ya katse a tsakiya da busasshen tarin nan da kowa a garinmu ya sani.

Gaba ɗaya muka juya. Ladaninmu, wanda bai taɓa wuce Gwaram ba balle ya je Dutse, yana gefen tabarma ya toshe baki, tarin na neman kufce masa.