Mabel Ba Ta Ɗaga Waya

Atishawa ɗaya ce ta ɓata wa Nazeefa zani na uku a ranar. Ta kwantar da jaririnta Ameer, ta faɗa banɗaki, ta fito ta cusa zanin a bokitin da take turawa bayan ƙofa.

Wata uku ke nan da haihuwarta, kuma tun daga lokacin fitsari yake kufce mata ba sallama. In ta yi tari, ya zubo. In ta ɗaga jarkar ruwa, ya zubo. Dariya kuwa ba a magana, ga shi Allah ya haɗa ta da miji mai barkwanci. Da zarar Manniru ya dawo daga ofis ya soma labarin rigimar kwandasta da fasinja a Nyanya, sai ta tsuke fuska ta ce miya za ta ƙone.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta rage shan ruwa, ta daina zuwa biki, alwala kuwa sai ta yi uku kafin ta idar da sallah ɗaya. Saura mako uku hutunta ya ƙare ta koma ma'aikata, inda ake shafe awa biyu a taro babu mai motsi.

Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo wayarta daga lambar da ba ta sani ba.

"Sannu sister. Sunana Mabel. Asibiti ɗaya muka haihu, na ga lamba naki a group na masu jego. Abeg, ina jin kunya. In na yi tari, fitsari yana fita. Ke ma ya taɓa yi miki?"

Nazeefa ta karanta sau uku, sannan ta rubuta: "Ina dai da wata ƙawa mai fama da haka."

"Ni ma haka nake ce wa mutane, ƙawa na ne."

Dariya ta ƙwace wa Nazeefa. Ta tashi ta nemo wani zanin.

Daga ranar suka ƙulla. Hausar Mabel irin ta kasuwar Karu ce, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace, amma akwai ta da bincike. Ita ta fara shaida wa Nazeefa cewa mata da yawa suna shiga wannan hali bayan haihuwa, kuma likitoci sun san kansa. Aibinta ɗaya, ba ta ɗaga waya. Kullum baby yana barci. Asabar da Lahadi kuwa ɗif, wai ogan nata, wato mijinta, yana gida.

"Kin gaya wa oga naki?" Mabel ta tambaya wata rana.

"Allah ya kiyaye! Da wane ido zan kalle shi?"

"Wataƙila shi ma yana damuwa."

"Baban Ameer? Ko tulin wankin bai lura da shi ba."

An ɗan jima kafin amsa ta zo: "Maza ke nan."

A mako na biyu Mabel ta ce ta samo likita mace a Garki, ta kuma sa sunayensu su biyu, ranar Alhamis ƙarfe goma. Nazeefa ta kawo uzuri iri-iri, Mabel ta ce ita kaɗai ba za ta iya shiga ba, tsoro take ji. Don Mabel ɗin ne Nazeefa ta yarda.

Ta ce wa Manniru awon bayan haihuwa za ta je. Bai tambayi komai ba, ya ce dama ranar ba shi da aiki. Tun bakwai suka baro Jikwoyi. Da suka isa ya faka a ƙarƙashin bishiya daura da ƙofar asibitin, ya karɓi Ameer, ya ce su nan za su jira.

A benci Nazeefa ta dinga leƙen fuskokin mata. Goma ta wuce, babu wadda ta yi kama da Mabel. Sai ga saƙonta ya shigo.

"Go-slow ya riƙe ni, sister. Ki fara shiga."

Nazeefa ta saɓa jaka ta nufi ƙofa, har ta sa ƙafa a waje wayar ta sake motsi.

"Kar ki gudu fa. Koma ki zauna."

Ta koma ta zauna. Can aka kira sunanta.

Dokta Rekiya ta saurare ta tsaf, ta duba ta, ta ce wannan ba yoyon fitsarin nan ba ne da take tsoro. Tsokar da ke riƙe mafitsara ce ta yi laushi saboda ciki da naƙuda. Ta koya mata yadda za ta riƙa matse ta tana saki kullum, ta haɗa ta da likitar motsa jiki, ta ce ta dawo bayan mako shida.

"Kuma ki koma shan ruwanki," in ji likita. "Ƙishirwa ba magani ba ce."

Nazeefa ta fito kamar an sauke mata dutse. A mota ta shanye robar ruwa guda, Manniru yana tuƙi yana 'yar waƙarsa. Har suka wuce Asokoro babu labarin Mabel. Ta ce a ranta, yau kam ko baby zai farka sai ta ji muryar matar nan ta yi mata godiya. Ta danna kira.

Wata ƙaramar waya ta soma ruri a aljihun gaban motar, daidai gwiwarta.

Manniru bai ɗauke ido daga titi ba. Ya gyara murya, ya sirantar da ita, ya ce, "Abeg sister, kar ki yi dariya da yawa, kujeran mota na sabo ne."