Ciki Biyu, Ma'auni Ɗaya

Kai da kake ganin in an auna abu an gama saninsa, saurari misalin wata likita mai ɗaukar hoton ciki a asibitin wani gari. Ta daɗe tana aikin, amma har yau in ta ɗora na'ura a kan cikin mace, duhun allo ya buɗe, ga ɗan kai, ga ƙashin baya jere kamar carbi, ga zuciya ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba tana ta bugawa, sai tsigar jikinta ta tashi ta yi tasbihi. Wata safiya mata biyu suka shigo a jere, watannin cikinsu daidai da juna. Ta auna kewayen kan kowane ɗa, da tumbinsa, da ƙashin cinyarsa, ta gwada da jadawalin da asibitin ke aiki da shi, wanda aka tsara da 'ya'yan mutanen wata ƙasa mai nisa. Jadawali ya ce duka biyun sun gaza girma, kuma gazawarsu iri ɗaya. In ta bi shi, sai a ciro su biyun kafin lokaci. In ta yi watsi da shi, wataƙila ta bar mai neman ceto ya mutu a ciki. Ta san mudu ma kowace kasuwa da nata, sai ta ɗaga kai daga allon ta dubi matan. Ta farko 'yar firit ce, uwar da ta rako ta ma haka. Ta biyu doguwa ce sambal, 'ya'yanta na baya duk manya ta haife su. Likitar ta nemo ma'aunin da ke la'akari da tsawon uwa da nauyinta, ta haɗa da awon da aka yi musu a baya. Nan hanya ta rabu. Ɗan ta farko yana bin turbarsa a natse, ƙarami kamar danginsa, yana tsotson yatsa abinsa. Ɗan ta biyu kuwa da girmansa ya faro, sai ya tsaya cak, ruwan da yake kwance ciki ya ja baya, jinin cibiya yana tafiya da ƙyar.

Ta ce wa ta farko, “Je ki gida, ki ci ki ƙoshi, ki riƙa zuwa awo. Ɗanki ku ya biyo.” Ta biyu kuwa ta riƙe hannunta ta ce, “'Yar'uwa, naki yunwa yake ji a ciki. Ba za mu jira wata tara ba.” Matar ta yi kuka, ta amince. Da aka ciro shi, sai ga mabiyiya ta tsuke ta motse, shi kuma fata da ƙashi, amma ya tsala ihun da ya sa likitar hawaye, ya kama nono, ya yi ta murjewa. Ɗayan ya cika watanninsa, ya faɗo ɗan mitsitsi, lafiya lau. Ranar da iyayen suka kawo su rigakafi, likitar ta ɗauki wannan ta ɗauki wancan, tana jinjina ikon Wanda ya ba kowane rai gwargwadonsa tun yana cikin duhu, ido bai gan shi ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, kama da wane ba ta wane.