Tsaga Biyu a Kunnen Bijimi

Ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka wa ke ƙoshi da yaƙin da ake tura 'ya'yan talakawa? To, saurara.

An wayi gari a wani ƙauye an kwashe shanu kaf. Jagoran mayaƙa ya sa aka buga ganga, ya rantse mutanen tsallaken kogi ne suka kore su. Manomi ya jefar da fartanya, makiyayi ya jingine sanda, kowa ya rataya kwari da baka. Wata uku suna zube a gindin ganuwar mutanen nan, damina tana wucewa, gonaki sun koma ciyawa, kullum da wanda ake binnewa. Jagora ya kafa doka: duk wanda ya juya baya, takobi ne rabonsa. Amma fa ba ya rowar nama. Duk Juma'a sai an jawo bijimi daga wani garke da yake ajiye bayan dutse a yanka wa runduna, su ci suna sa masa albarka.

Cikinsu akwai wani makiyayi da ya binne ƙanensa tun makon farko. Ana gobe za a kai babban hari, da hantsi, aka miƙa masa kan bijimi ya babbake. Ya kama kunne zai juya shi bisa wuta, sai yatsansa ya faɗa cikin tsaga. Tsaga biyu ce a kunnen hagu, ta ƙasan a karkace, don ran da mahaifinsa ke yin ta maraƙin ya fizge, kuma shi ne ya danne ƙafafunsa. Ya miƙe ya ɗaga kan sama, jini na bin gwiwar hannunsa, ya ce, "Jama'a, naman wa muke ci? Wallahi wannan bijimin gidanmu ne!" Suka ɗunguma bayan dutse, kowa na kama kunne yana ganin shaidar gidansu. Da rana tsaka, a idon kowa, suka tara kwari da baka a ƙofar bukkar jagora, suka sa shanunsu gaba, suka kama hanyar gida. Jagora ya yi ta kururuwa dogarawansa su sare su, ashe su ma suna can suna kwance shanun iyayensu. Aka bar shi tsaye shi kaɗai, ƙofar ganuwa tana buɗewa, mutanen tsallaken kogi na fitowa kansa.

Yanzu wani zai buɗe baki ya kira su matsorata. Matsorata? Mutanen da aka yi wa sata, aka ciyar da su da dukiyarsu, aka sa su kashe maƙwabtan da ba su ɗauki ko akuya ba? Hausawa sun gama magana: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Don Allah, in aka sake kiran ɗanka ko ƙanenka fagen fama, tashi ka je da ƙafarka ka nemi hujja kafin ka sake shi.